Sheƙar mikiya a bakin filin jirgin sama: a bar ta ko a rushe ta?

Rabi'atu M. ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar jiragen sama da kuma masana halayyar tsuntsaye, a kan wata taƙaddama da na karanta labarinta, wadda har yanzu na kasa tsayar da ra'ayi guda a kanta.

A birnin Norfolk da ke jihar Virginia ta Amurka akwai wani lambun shuke-shuke da ya yi iyaka da filin jirgin sama, kuma a cikin lambun akwai mikiya mace da namiji, irin masu farin kan nan da ke jikin tambarin ƙasar, waɗanda suka yi shekaru suna sheƙa a kan dogayen itatuwa. An kafa kyamara kusa da sheƙar, jama'a daga wurare da yawa suna kallo ta intanet, tun daga ranar da aka saka ƙwai har ranar da 'ya'yan za su tashi. A ranar 26 ga Afrilun 2011 wani jirgin fasinja da ke sauka ya buge uwar ta mutu, ta bar 'ya'ya uku da ba su iya tashi ba, sai aka kwashe su zuwa Cibiyar Kula da Namun Daji ta Virginia, inda aka rene su har aka sake su. Babu wanda ya ji rauni a cikin jirgin. Amma daga shekarar 2012 hukumomi suka ba da izinin rushe sheƙunan lambun, domin namijin ya samu wata macen ya ci gaba da gini, kuma duk lokacin da aka sauke masa itacen da ya tara, sai ya sake tarawa. Masoyan tsuntsayen suka haɗa kai, har suka kai maganar kotu a 2013.

Tambayata ita ce, shin da gaske mikiya biyu kacal za su iya zama barazana ga jirgi mai nauyin tan da yawa, har ta kai ga a hana su haihuwa a inda suka zaɓa? Idan kuwa haɗarin gaskiya ne, babu wata hanya sai rushe sheƙa? Raina ya fi karkata ga tsuntsayen, amma ba na so in tsaya a kan tausayi kawai alhali ana maganar rayukan mutane.

Injiniya Bashir ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Aikina gyaran injinan jirage ne, saboda haka zan amsa kashin farko na tambayarki, in bar wa masana tsuntsaye sauran.

Nauyin jirgi ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne nauyin tsuntsun, da gudun da jirgin yake yi, da kuma wurin da tsuntsun ya buga. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa da nauyi, amma gudu ya fi tasiri, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa. Jirgin fasinja da ke shirin sauka yana gudun kusan kilomita 250 a awa ɗaya, kuma idan ya haɗu da mikiya mai kilo 5 a wannan gudun, daidai yake da a ce buhu mai kilo 100 ya faɗo daga tsayin mita 12 a kan ɗan wurin da bai wuce faɗin jikin tsuntsun ba. Idan wurin gilashin gaban matuƙi ne, ko bakin inji, ko gaban fiffike inda wayoyi da bututun mai suke bi, to magana ta girma.

Kafin a amince da sabon inji, ana gwada shi ta hanyar harba masa mataccen tsuntsu da bindigar iska yana tsakiyar juyawa. Babban tsuntsun da ƙa'ida ta tanada nauyinsa tsakanin kilo 1.8 ne da kilo 3.6, gwargwadon faɗin bakin injin, kuma abin da ake nema a gwajin ba wai injin ya ci gaba da aiki ba ne. Ana neman kada ya kama da wuta, kada ɓaraguzansa su huda murfi su fito, kada ya tsinke daga jikin jirgi, kuma a iya kashe shi lafiya. Gangar jikin manyan jirage da gilashin gaba an gina su ne don su jure tsuntsu mai kilo 1.8, jelar kuma mai kilo 3.6, kuma wannan ƙari na jela ya biyo bayan haɗarin da ya faru a jihar Maryland a watan Nuwamban 1962, lokacin da manyan tsuntsayen ruwa suka karya jelar wani jirgin fasinja, mutum 17 suka rasu. Ita kuwa mikiya mai farin kai nauyinta daga kilo 3 ne zuwa sama da kilo 6, macen ta fi namijin girma, kuma idan ta buɗe fukafukanta suna kai mita biyu. Kin ga ke nan babbar mace ta zarce duk abin da aka gwada jirgin da shi.

Sannan akwai batun wuri. Kusan bakwai cikin goma na karon jirage da tsuntsaye suna faruwa ne ƙasa da tsayin mita 150, wato lokacin tashi ko sauka, lokacin da matuƙi ba shi da sararin kaucewa, kuma ba shi da tsayin da zai ba shi damar nazari idan inji ya mutu. Sheƙar da ke bakin filin jirgi tana nufin manyan tsuntsaye biyu za su riƙa ratsa wannan sararin sau da yawa a kowace rana, watanni a jere, suna ɗauke da itace ko kifi.

Adalci ne in ce manyan haɗurran da aka sani yawanci garken tsuntsaye ne ya jawo su, ba tsuntsu ɗaya ba. Jirgin US Airways da ya sauka a kan kogin Hudson ranar 15 ga Janairun 2009 garken dinya ya shiga, injinansa biyu suka mutu, Allah ya kuɓutar da mutum 155 da ke ciki. Jirgin soja da ya faɗi a sansanin Elmendorf na Alaska a watan Satumban 1995, mutum 24 suka rasu, shi ma dinya ce. Na Bahir Dar a Habasha a 1988, wanda ya ci rayuka 35, tattabaru ne. Babban jirgi mai inji biyu an gina shi yadda zai iya tashi ya dawo da inji ɗaya, saboda haka mikiya ɗaya ba kasafai za ta kayar da shi ba. To amma filin jirgi ba na manyan jirage ba ne kaɗai. A watan Afrilun 2016 wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 ya faɗi kusa da birnin Anchorage na Alaska, mutum huɗu suka mutu, kuma bincike ya gano gashin ƙaramar mikiya a jikin ɓaraguzan. Wanda yake da alhakin filin jirgi dole ya yi lissafi da ɗalibin tuƙi mai inji ɗaya da jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya, kamar yadda yake yi da babban jirgin fasinja.

Dakta Hauwa'u ta amsa:

Ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da Injiniya Bashir ya kawo ba, amma ina so Malama Rabi'atu ta san dalilin da ya sa taɓa sheƙar wannan tsuntsuwa yake da wuya a doka, da kuma dalilin da ya sa nake ganin wahalar tana da amfani.

A shekarar 1963 an ƙirga ma'auratan mikiya mai farin kai 417 kacal a jihohi 48 na Amurka da ke haɗe da juna. Harbi da lalata dazuzzuka sun rage su, sannan maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarasa su, domin yana bin ruwa ya shiga jikin kifi, mikiya ta ci kifin, sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi har ya fashe a ƙarƙashinta tana kwanci. An haramta DDT a 1972, aka tsare wuraren sheƙa, aka riƙa ɗaukar 'ya'ya daga inda suke da yawa ana kai su inda suka ƙare. A 2007 aka cire ta daga jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma rahoton da hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ta fitar a 2021 ya ƙiyasta mikiya kusan 316,700 a waɗannan jihohi, da sheƙuna masu ma'aurata fiye da 71,000. Saboda haka rigimar filayen jirage wannan nasarar ce ta haife ta: tsuntsayen sun yawaita, wuraren da ke nesa da mutane sun cika, sababbin ma'aurata suka fara zama a gefen birane, kusa da madatsun ruwa da filayen jirage, waɗanda tun asali an fi gina su a fadamu da bakin ruwa saboda shimfiɗar ƙasa.

Cire ta daga wancan jerin bai ɗauke mata kariya ba. Dokar 1940 da ta hana kashe ta, wadda aka faɗaɗa a 1962, tana nan, kuma ta shafi tsuntsuwar da ƙwanta da gashinta da sheƙarta, ko da babu kowa a cikin sheƙar. Wanda ya karya ta a karon farko zai iya fuskantar tarar da ta kai dala 100,000 da ɗaurin shekara ɗaya. Sai a 2009 aka fito da tsarin ba da izinin cire sheƙa saboda tsaron lafiyar mutane ko na mikiyar kanta, kuma mai neman izinin dole ya nuna cewa haɗarin na gaske ne, ya kuma nuna cewa babu wata hanyar da za ta yi aiki. Wannan sharaɗin ne nake karewa. Ba don shi ba, da duk manajan filin jirgin da ya hango babban tsuntsu sai ya aika a sare itace, ba tare da ya tambayi abin da ya kawo tsuntsun ba.

Game da rushe sheƙa kuwa, matsalata da shi ita ce sau da yawa ba ya magance komai. Mikiya ba sheƙa take riƙewa ba, yanki take riƙewa. Ma'aurata suna komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, suna ƙara itace a kan tsohon gini, har ta kai ga an taɓa auna wata sheƙa a jihar Florida mai faɗin kusan mita 3 da zurfin mita 6. Da yawa daga cikinsu kuma suna da sheƙa ta biyu ko ta uku a cikin yankin, suna sauyawa. Idan aka rushe ɗaya alhali kifin yana nan, agwagin suna nan, dogayen itatuwan suna nan, sai su koma itacen gaba, wani lokaci ma wanda ya fi kusa da titin jirgi. Abin da ya faru a Norfolk ke nan, kuma duk lokacin da suke sake gini zirga-zirgarsu ƙaruwa take yi, tunda kowane reshe sai an tashi an ɗauko shi.

Akwai kuma wata hujja da masu nazarin tsuntsaye masu farauta suke kawowa, wadda nake ganin ta cancanci a saurara. Manyan ma'aurata da suka daɗe a wuri sun saba da motsin jirage, kuma suna korar baƙi daga yankinsu. Idan aka kawar da su, wurin ba ya zama fanko, sai ƙananan da ba su kai shekara huɗu ko biyar na balaga ba su shigo, su kuwa ba su san komai game da jirgi ba. Wasu filayen jirage a yammacin Amurka, irin su na Seattle da Portland, sun bi wannan tunani a kan shaho: suna sa wa manyan mazauna wurin alama su bar su, suna kama baƙi da ƙanana su kai su nesa.

Malam Sani ya amsa:

Ina yi wa kowa sallama. Na yi aiki a sashen kula da namun daji na wani filin jirgi, kuma abin da Dakta ta faɗa game da abinci shi ne gaskiyar aikin, sai dai akwai inda zan saɓa mata.

Kullum kafin jirgin farko ya tashi, mota take bin titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, mai tuƙi yana magana ta rediyo da hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, idonsa a kan kwalta. Abin da ake nema ba tsuntsu mai rai ba ne kawai, har da mushe: zomon da injin yankan ciyawa ya sare, ko ƙaramin tsuntsun da iskar jirgi ta kaɗe cikin dare. Mutane suna ɗaukar mikiya a matsayin mafarauciya, amma tana cin mushe sosai, musamman ƙananan, kuma mushe guda a gefen titi ya isa ya sauko da ita daidai inda jirgi yake ɗaga hanci. Idan kuma an samu rahoton karo, ana zuwa jikin jirgin da auduga da 'yar leda a goge jinin da ɗan gashin da ya manne, a rubuta lokaci da wuri da tsayi. A Amurka ana aika irin wannan zuwa ɗakin binciken gashin tsuntsaye na cibiyar Smithsonian da ke Washington, su gano irin tsuntsun ta kamannin gashin ko ta ƙwayoyin halitta, a shigar da shi rumbun bayanan da hukumar sufurin jiragen sama ta FAA take tarawa tun 1990. Ba tare da wannan ba, kowa zato yake yi, kuma da zato ake rushe sheƙar da ba ita ce matsalar ba.

Kayan korar tsuntsu suna da yawa: bindiga mai harba abin fashewa sama, da tukunyar gas mai ƙara, da hasken laser, da karnuka, da horarrun shaho. Dukkansu suna aiki na ɗan lokaci. Na ga babban tsuntsu a kan sandar fitila wanda a makon farko ƙarar mota kaɗai take tayar da shi, amma bayan wata guda sai a harba abin fashewa a kansa ya sunkuyar da kai kawai, ya gyara tsayuwa. Wani lokaci korar ma ita ce haɗarin, domin tsuntsun da ke zaune a sanda ba ya cikin hanyar jirgi, amma idan ka tayar da shi ba ka san inda zai nufa ba. Saboda haka ba a kora sai an tambayi hasumiya ko akwai jirgi a hanya.

Abin da yake ɗorewa shi ne a sa wurin ya daina yi wa tsuntsu daɗi. A sa ƙusoshi a kan sanduna da alluna don kada a samu wurin sauka, a rufe kududdufai da raga ko a gyara su yadda ruwan sama zai tsiyaye cikin awa 48 kamar yadda FAA ta ba da shawara, a kula da tsawon ciyawa, a rage ɓeraye da zomaye. Matsalar ita ce mafi yawan abin da ke jawo mikiya yana wajen shinge. Shawarar FAA ita ce kada a samu juji ko wurin kiwon kifi ko makamantansu cikin ƙafa 10,000, wato kusan kilomita 3, daga filin da manyan jirage ke amfani da shi, kuma a kula da mil 5 idan abin zai sa tsuntsaye su ratsa hanyar tashi da sauka. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, tana maganar da'irar kilomita 13. Amma filin jirgi ba shi da iko a kan tafkin da gari yake shan ruwansa, ko lambun jama'a, ko gonar wani. Ba za a ƙafar da tafki saboda mikiya biyu ba, kuma a nan ne hannun ma'aikaci yake komawa kan abin da zai iya taɓawa, wato sheƙa.

Inda na saɓa wa Dakta shi ne batun sabo. Uwar da ta mutu a Norfolk ba baƙuwa ba ce, ta yi shekaru tana ganin jirage suna wucewa, kuma duk da haka jirgi ya same ta. Sabon da ya hana tsuntsu tsoron jirgi shi ne kuma yake sa shi ya ƙi kaucewa da wuri. Ƙari a kan haka, kowace sheƙa mai albarka tana fitar da ɗa ɗaya zuwa uku a shekara, kuma za su koyi tashi ne a daidai wurin da ba a so. Idan ana son 'ya'yan mikiya su rayu, bakin titin jirgi mummunan wurin reno ne.

Rabi'atu M. ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Abin da na fahimta shi ne haɗarin gaskiya ne, amma rushe sheƙa shi kaɗai ba ya kawar da shi. Sauran tambayoyina biyu ne. Me ya hana a kama mikiyoyin a kai su wani daji mai nisa, kamar yadda Dakta ta ce ana yi wa shaho? Kuma idan ba a ankara ba sai da ƙwai ko 'ya'ya suka riga suka samu a cikin sheƙar, yaya ake yi?

Dakta Hauwa'u ta amsa:

Kamawa da kaiwa nesa yana aiki ga wasu tsuntsaye, Malama. A filin jirgin Logan na birnin Boston, wani masani mai suna Norman Smith ya fara kama fararen mujiyoyin da ke zuwa daga yankin ƙanƙara tun 1981, yana sakin su a bakin teku nesa da filin. A watan Disambar 2013, da aka harbe irin waɗannan mujiyoyi a filin jirgin JFK na New York, jama'a suka yi ca, sai hukumar filin ta koma kama su da rai. Amma waɗannan baƙin hunturu ne, ba su da sheƙa a wurin, ba su da abin da zai dawo da su. Babbar mikiya mai yanki daban ce, domin tafiyar ɗaruruwan kilomita ba komai ba ce a wurinta, kuma tana iya dawowa cikin 'yan kwanaki. Idan ma ba ta dawo ba, an jefa ta ne cikin yankin wasu ma'aurata, kuma faɗan mikiya a kan yanki yakan kai ga kisa. Ga ƙananan da ba su kafa yanki ba ne dabarar take da amfani.

Na karɓi gyaran Malam Sani a kan sabo, kuma ban ce a bar kowace sheƙa ba. Wadda take daidai ƙarƙashin hanyar sauka, ko wadda titin jirgi ya raba ta da ruwan da ake kamun kifi a ciki, ba ni da hujjar kare ta. Amma wadda take gefe, ruwan kuma yana bayanta, tsuntsayen suna fita ta ɓangaren da babu jirgi, wannan a sa mata ido tukuna. Yanzu ana iya ɗaura wa mikiya 'yar na'ura a baya wadda take nuna inda take da tsayin da take tashi a kowane lokaci, saboda haka ana iya sanin sau nawa take ratsa hanyar jirgi kafin a yanke hukunci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin wannan rigima a teburin tsara gari ake shuka ta. Lokacin da ake gina filin jirgin King Shaka kusa da Durban a Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2010, an san akwai fadamar Mount Moreland a kan hanyar sauka, inda miliyoyin tsattsewa masu ƙaura suke kwana. Ba a ƙone fadamar ba, sai aka kafa na'urar rada mai hango tsuntsaye, tana sanar da hasumiya lokacin da garken ya tashi sama da yamma. An yi tunanin tsuntsayen kafin jirgin farko ya sauka, shi ya sa aka samu mafita.

Injiniya Bashir ya amsa:

Misalin Durban mai kyau ne, Dakta, amma tsattsewa nauyinta kusan giram 20 ne, kuma tana da lokacin fita da lokacin komawa da aka sani, saboda haka ana iya jinkirta jirgi na 'yan mintoci. Mikiya ba ta da irin wannan tsari, tana iya bin iska mai zafi ta yi ta shawagi da tsakar rana a tsayin da jirage suke bi. Rada za ta nuna ta, amma filin da jirgi yake sauka a kowane minti biyu ba zai iya tsayawa duk lokacin da ta tashi ba. Ina kuma roƙon mu tuna da abin da ya faru a filin jirgin Muan na Koriya ta Kudu ranar 29 ga Disambar 2024, inda mutum 179 suka rasu. An samu gashi da jinin agwagi masu ƙaura a injinan jirgin biyu, duk da cewa ginin kankaren da ke ƙarshen titin ya ƙara munin abin. Hasumiya ta gargaɗi matuƙan game da tsuntsaye jim kaɗan kafin karon. Gargaɗi yana da amfani, amma ba ya ɗauke tsuntsu daga gaban jirgi. A ganina, idan bincike ya nuna sheƙa tana jefa tsuntsaye cikin hanyar jirgi, kada a jira sai an samu karo na biyu kafin a nemi izini.

Malam Sani ya amsa:

Malama Rabi'atu, tambayarki ta biyu ita ce wadda ma'aikata suka fi tsoro, domin lokaci ne yake yanke hukunci a cikinta. Mikiya tana kwanci kimanin kwana 35, 'ya'yan kuma suna kai mako goma zuwa sha biyu kafin su tashi, sannan su ƙara wasu makonni suna yawo a kusa iyaye suna ciyar da su. Idan an riga an saka ƙwai, izinin taɓa sheƙar yana da wuyar samu ƙwarai, sai idan haɗarin na gaggawa ne, kuma a irin wannan hali akan nemi a miƙa ƙwan ko 'ya'yan ga cibiyar da take da lasisin reno, ko a sa su a sheƙar wasu ma'aurata masu 'ya'ya tsararsu, domin mikiya takan karɓi ɗan da ba nata ba.

Idan ba a kai ga haka ba, sai a yi haƙuri da kakar. A fitar da sanarwa ga matuƙa, a sa mutum ya riƙa lura da sheƙar musamman da sassafe da kuma makonnin koyon tashi, a ƙara yawan zagayen kwashe mushe, idan kuma filin yana da titi fiye da ɗaya a karkatar da ƙananan jirage zuwa wanda ya fi nisa. Bayan 'ya'yan sun watse sai a sauke sheƙar, kuma kada a tsaya nan. A datse rassan da suka riƙe ta, a duba sauran dogayen itatuwan da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi, sannan tun farkon kaka mai zuwa, da zarar an ga reshe na farko a bakin tsuntsu, a fara hana ginin kowace rana ba fashi, domin mako biyu na sakaci ya isa a wayi gari da sabuwar sheƙa. Inda aka samu haɗin kan masu ƙasa, ana iya kafa dandamali a kan doguwar sanda a wani wuri mai kifi da ke wajen hanyar jirage, a zuba masa itacen tsohuwar sheƙar. Wani lokaci suna karɓa, wani lokaci su ƙi. Duk wannan yana buƙatar ma'aikaci na dindindin da kasafin kuɗi na shekara-shekara, kuma ya kamata masu lambun da masu tafkin da hukumar namun daji su zauna teburi ɗaya da filin jirgin kafin kakar sheƙa ta shigo.